Tafintan Yayana

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Idan ana ba ni labari nakan riga mai labarin isa ƙarshe, in tsaya can ina jiransa ina kaɗa ƙafa. Yayana kuwa kurma ne. Sanƙarau ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara huɗu, kafin a haife ni, ƴan kalmomin da ya fara iyawa su ma suka bi jin suka tafi. Allah ya haɗa mu ɗaki ɗaya, ni da ba na iya jira, shi kuma sai an tsaya an dube shi kafin a san abin da yake faɗa.

Ƙauyenmu yana bakin Komadugu, ba nisa da Diffa, kuma tattasai muke nomawa kamar kowa. A gida muna da ƴan alamun da muke yi masa: zo, tafi, ci, ruwa, Baba na kira. Ba su wuce ashirin ba, kuma da su muka yi shekaru muna ganin mun gama masa komai. Da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi fartanya aka ba shi. Ya bi Baba gona tun yana ƙarami, har ya zama in ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Baba ma ba mai surutu ba ne, sai su wuni cikin fangali suna ban-ruwa ba wanda ya ce wa wani uffan. Inna takan tsokane su wai ita kurame biyu Allah ya ba ta.

Ina karatun kwaleji a Diffa, cikin shekarun tasa'in, na gane cewa yana da wata rayuwa da ba mu sani ba. Ranar kasuwa yakan kawo buhunan tattasai, in ya gama da ƴan awo sai ya zarce bayan kasuwa, rumfar wani tela kurma inda kuramen gari suke taruwa. Wata rana na biyo ta wurin da abokan karatuna. Mutum kusan goma a kan tabarma, hannuwa na ta tashi, fuskoki na ta sauyawa, wani yana dariya har da riƙe ciki, kuma ba ka jin komai sai ƙarar keken ɗinki. Yaya ya hango ni, ya taso da murna, ya fara gaya mini wani abu da sauri. Abokaina suka fara ƙunshe dariya. Na kama wuyan hannuwansa biyu na sauke su ƙasa, na wuce. Kunya nake ji, kunyarsa, kuma na daɗe ban ga laifina a ciki ba.

Baba ya rasu ina sabon ma'aikaci a wani biro na gwamnati a Diffa, ina buga takardu. Harshe uku ne a bakina, Kanuri na gida, Hausa ta kasuwa, Faransanci na aiki, kuma ina ji da kaina a kan haka fiye da kima. Gona ta koma hannun Yaya. Shi yake ciyar da Inna, shi yake aiko mini da tattasai da shinkafa, ni kuma in na je ƙauye sai in ɗaga masa babban yatsa, shi ke nan mun gaisa.

Sai wata shekara, a farkon shekarun dubu biyu, kogi ya cika ya yi ambaliya ya kwanta a gonakin bakin gaɓa. Da ruwa ya janye bai bar kunya ko ɗaya ba, bai bar gambar da aka dasa a kan iyaka ba, ko'ina laka ce shimfiɗe. Maƙwabcinmu na gona, wanda ya daɗe yana su a wajen Bosso kuma bai dawo ba sai da aka daɗe da rasuwar mahaifinsa, ya zo ya kafa turaku. Turakun suka cinye mana fangali bakwai na bakin ruwa, daidai inda Yaya yake girke injin ban-ruwa. In babu wannan wurin, sauran gonar ba ta da hanyar shan ruwa, kuma Yaya ba shi da wata sana'a.

Aka je gaban Bulama, mai garinmu. Baba da mahaifin maƙwabcin duk sun rasu, tsofaffin da suka san wurin sun rasu, ba takarda. Mutum ɗaya ne ya rage da ya yi shekara ashirin da wani abu yana bin Baba a wannan gona, kuma yana zaune a gefe yana kallon bakunanmu. Da na ce a tambaye shi, maƙwabcin ya ce cikin sanyin murya:

"Ranka ya daɗe, bebe ai ba ya shaida. Wannan wasan hannu ne, kowa zai fassara shi yadda ya ga dama."

Liman ya ce malamai sun yi magana a kan ishara, in dai ana fahimtarta sarai kuma akwai amintaccen da zai faɗi ma'anarta, ba a jefar da ita. Bulama ya dube ni ya tambaya ko akwai mai jin maganar ɗan'uwana sosai, ba zo da tafi ba. Bakina ya riga hankalina, na ce ni ne. Ya ce to, a bar turakun yadda suke, kafin damina za a taru a gonar a ji daga gare shi.

A hanyar gida na gwada gaya wa Yaya abin da aka yanke. Na nuna gona, na nuna shi, na nuna bakina, na nuna gidan Bulama. Ya dube ni kamar yadda ake duban yaro mai koyon tafiya, ya dafa kafaɗata, ya yi gaba. Wata uku suka rage, kuma ban iya ce wa yayana ko "an ɗaga zama" ba.

Kashegari ina tashi daga aiki na nufi rumfar tela. Matarsa mai ji ce, tana tuyar ƙosai a bakin rumfar, kuma shekara ashirin na aure sun sa hannunta ya fi na wasu kuramen sauri. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta ce in ana so ita sai ta je ta yi tafintan. Na ƙi. Na ce mata Bulama ba zai karɓi baƙuwa ba, amma gaskiyar ita ce na riga na cika baki gaban jama'a. Na zaro littafi da alƙalami, na ce ta ba ni kalmomin da nake bukata kawai: gona, iyaka, uba, shekara, rantsuwa.

"Mushe, mai da littafinka aljihu," in ji ta, da laƙabin da ake kiran ma'aikatan gwamnati da shi. "Da wane hannun za ka yi magana in kana riƙe da alƙalami?"

Abu na farko da ta koya mini shi ne sunana. Ashe kowa a garin yana da suna a wurinsu, daga mai unguwa har mai sayar da ƙanƙara, suna ne na hannu da suke laƙaba wa mutum daga wata kama ko wani hali nasa. Na tambayi nawa ina murmushi, ina zaton tabarau ne ko agogo. Ta kama wuyan hannunta na hagu da na dama ta danna shi ƙasa. Shekara goma ke nan suna kirana da haka, kuma Yaya bai taɓa nuna mini ya riƙe abin a zuciya ba. Tela yana kallona ta saman keke, bai yi dariya ba, ya matsa mini wuri a kan benci.

Wata ukun nan ban san natsuwa ba. Kullum da la'asar ina rumfar. Na taho da tunanin cewa nuni ne kawai, in kana son ruwa ka nuna ruwa, sai na tarar da mutane suna gardama a kan zaɓe, suna gulmar wanda ya yi sabon aure, suna ba da labarin abin da ya faru shekaru da suka wuce da abin da suke tsoron zai faru baɗi. Abin da ya wuce bayan kafaɗa suke jefa shi. Tambaya a gira take. In ka yi alama daidai amma fuskarka a daskare, ba ka ce komai ba, kuma ni fuskar ma'aikacin biro gare ni, wadda aka horar kada ta nuna komai. Akwai wani makanike cikinsu da ya yi makarantar kurame a Damagaram, nasa hannun dabam ne, har da haruffa a yatsu, kuma kullum shi da tela suna cikin musun waye yake magana daidai, waye baƙauye. Irin musun da na saba ji ne tsakanin mai Hausar Damagaram da mai Hausar Kano, ba abin da ya rage.

Ina yin kuskure suna kwashewa da dariya, ina fushi, ina dawowa. Mugun halina shi ne gyaɗa kai. Da an yi mini doguwar magana na rasa zaren, sai in gyaɗa kai don a wuce wurin. Matar tela ta gano ni, duk lokacin da na gyaɗa sai ta ce in maimaita abin da aka ce, in tsaya zuru. A biro ina buga takarda hannuna ɗaya yana ta motsi a ƙarƙashin tebur. A kan moto ma, wato babur ɗina, na sha sakin kansa ina gwada wata alama, har na kusa shiga cikin garken awaki. Shugabanmu na biro ya kira ni gefe ya tambaya ko lafiya, ko in nemi a yi mini rubutu in sha.

Ranar Asabar nakan tafi ƙauye. Cikin wata na biyu muka yi hirarmu ta farko ni da Yaya, a gindin goruba, ina da shekara ashirin da takwas a duniya. Ya gaya mini shi ba ya son kifi, tun yana yaro yake ci don kada ran Inna ya ɓaci. Ya ce ƙara ɗaya tak yake tunawa daga lokacin da yake ji, kukan jaki, ya tambaye ni ko har yanzu haka suke yi. Na ce har yanzu, ba su gyara ba. Ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya tambaye ni yaya muryar Baba take. Na ɗaga hannuwa na rasa abin da zan yi da su. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini, kuma da yake ba na iya zama da irin wannan, sai na yi maza na jawo maganar iyaka.

Ya fara daga nesa, daga shekarar fari, daga lokacin yana ƙarami. Na katse shi na ce iyaka kawai nake so, har ina Baba yake nomawa. Ya kai ni bakin ruwa ya nuna mini kututturen wata bagaruwa, can bayan turakun, fangali bakwai ɗin duk suna ciki. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ya taɓa ni yana so ya ƙara wani abu, na ce ya bari sai wani zuwan, rana tana faɗuwa kuma fitilar motona ta lalace. Wani zuwan ma ban tambaya ba, na riga na sami abin da nake so.

Ranar zaman aka shimfiɗa tabarmi a gonar da hantsi. Mutanen ƙauye sun zo da yawa, rabinsu don su ga yadda bebe zai yi shaida. Yaya ya sa farar rigarsa ta salla. Na tsaya inda zai ga hannuna kuma Bulama zai ji muryata. Liman ya sa na yi alkawarin zan faɗi abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Bulama ya fara da ƙananan tambayoyi, wace shekara aka sayi injin, wa ya haƙa tsohuwar hanyar ruwa, kuma amsoshin suna fitowa daidai da abin da tsofaffin wurin suka sani. Surutu ya ragu. Aka zo kan iyaka, Yaya ya nuna kututturen bagaruwa, na faɗa da ƙarfi. Na ga maƙwabcin ya sunkuyar da kai.

Bulama tsoho ne da ya raba gardamar gona fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Ya dube ni ya ce:

"Ɗana, tambaye shi. In an yi tsinkar fari, mahaifinku yana kai wa wani wani abu daga wannan wurin?"

A kwarinmu haka ake aron gona. Ba a rubutawa, ba a kiran shaidu. Wanda aka ara wa yakan kai wa mai wurin kwando ɗaya na tsinkar fari, wato ta farko, kowace shekara, ba don darajar kwandon ba, don kada a manta wurin na waye. Na san al'adar, kowa ya san ta. Ban taɓa kawo ta a kanmu ba.

Na juya tambayar a hannu. Fuskar Yaya ta yi haske, ya gyara zama. Ya ce a shekarar fari kogi ya ja baya, rijiyar gonarmu ta ƙafe, mahaifin maƙwabcinmu ya kama hannun Baba ya kawo shi bakin ruwa ya ce ya yi amfani da nan. Ya ce tun daga lokacin, kowace shekara Baba yakan cika kwando da tattasan tsinkar fari, mafi kyau, ya ɗora masa a ka, shi yake kaiwa, tsohon kuma yakan ba shi dabino. Ya ce bayan rasuwar tsohon, gidansu ya watse, bai san wa zai kai wa ba, abin yana damunsa har yau. Ya yi maganar a natse, da kyau, irin kyan da ban taɓa gani a hannun kowa ba. Wannan ne karo na farko da aka tambaye shi wani abu gaban jama'a, kuma karo na farko da na fahimci doguwar magana tun daga farko har ƙarshe ban rasa ko ɗigo ba.

"Me ya ce?" in ji Bulama.

Na dubi injin, na dubi Inna can baya cikin mata. Na gaya wa kaina don shi zan yi.

"Ya ce bai sani ba."

Wani ya yi dariya daga baya, wasu suka taya shi. Bulama ya ce, duk wannan dogon bayani, bai sani ba ne kawai? Maƙwabcin ya ce ai dama ya faɗa, kaɗa hannu ne, ba magana a ciki. Na ji wata tsohuwa tana cewa a ƙyale bawan Allah haka nan, an sa shi wasa gaban mutane.

Yaya bai ji ko ɗaya ba, amma ya ga haƙora. Ya dubi maƙwabcin, ya ga ba fuskar wanda aka ba gaskiya ba ce. Sannan ya dube ni. Ya tambaye ni da gira kawai, na kawar da ido.

Ya tashi ya shiga bukkar gona ya fito da tsohon kwando. Ya durƙusa cikin fangalin da ba komai sai busasshiyar laka, ya yi ta tsinkar tattasan da babu yana zubawa. Ya ɗauka ya aza a ka yana nishi kamar mai nauyi, ya taka a hankali cikin farar rigarsa har gaban maƙwabcin, ya durƙusa ya ajiye. Ya koma ya sake. Ya sake. Sannan ya buɗe yatsunsa goma sau biyu, shekara ashirin ke nan. Mutumin da ya gama magana mai tsari yanzun nan, na mai da shi yana wasan kwaikwayon da suke zarginsa da shi, don shi kaɗai ya rage masa.

Ba wanda ya yi dariya. Maƙwabcin ya rufe fuska da hannu, ya ce ya tuna kwandon, yana yaro yakan gan shi a zaure. Bulama ya ce an ji. Ya yanke cewa fangali bakwai na masu su ne, amma za a bar mana hanyar ruwa da wurin girke inji, a kan kwandon da aka saba. Ni bai ce mini komai ba, bai ko dubi inda nake ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jama'a suka watse. Inna ta bi mata ta tafi. Na iske Yaya a bakin ruwa ya tuɓe rigar ya rataye a kututture, yana duba bututun inji. Na zagaya gabansa don ya gan ni. Na ce masa na ji tsoro ne, na ce don gonarsa na yi, don Inna, na ce ya yafe mini. Duk alamun da na wahala na koya na zube masa su, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ya bari na gama. Ya goge hannuwansa a wando, ya yi maganar a hankali don kada in ce ban gane ba.

"Shekara da shekaru ba ka iya maganata ba, ba ka taɓa sa mini ƙarya a baki ba. Wata uku ka koya."

Na ɗaga hannu zan ba shi amsa. Ya juya mini baya, ya sunkuya a kan injin ya ci gaba da aikinsa.